Bikon da Ya Cinye Jarrabawar Mijina

Akwai tambayar da nake kwana da ita nake tashi da ita, yau shekara hamsin da ɗoriya, kuma har yanzu ban samo mata amsa ba. Me zai ragu a jikina da na ce masa to tun ranar Juma'ar nan da mijina ya tsuguna a gabana yana roƙon in koma ɗakina? Ni ban yi karatun zamani ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Maƙwabciyata, wadda ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, ita take karanta mini labaran da mutane ke aiko muku, ita ce kuma take rubuta wannan yadda nake faɗa. Na roƙe ta kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sa sunan kowa. Na ce mata in ta ji na yi shiru ta jira ni, kuka ne ya tare ni, kuma yanzu ba na jin kunyar yin sa.

A lokacin ni yarinya ce mai ji da kanta. An haife ni a wata ruga kusa da Gafasa, inda iyayena suka daɗe da zama, suna ɗan noma suna kiwo. Ina kai nono da man shanu Ajingi, a can na san mijina. Malamin firamare ne, mutumin wajen Balan a ƙasar Gaya, dogo siriri, kullum da farin alli a gefen rigarsa. Duk ranar da ya zo shan fura sai ya leƙa ƙwaryata ya ce, wai 'yar Fillo, yau kuma rijiyar wa aka tatso? Ni kuma in ce masa in ruwa yake gudu ya je ya sayi saniyarsa, mu ga ko ya san ta inda ake kama ta. Da haka da haka har magana ta kai gaban manya. Baffa, wato mahaifina, bai so ba da farko, ya ce Bahaushe ne kuma ɗan boko. Amma da ya sa aka bincika, aka ce masa mutumin ba ya wasa da salla, sai ya ba shi. An ɗaura mana aure kafin a fara yaƙin basasa. Ban taɓa kiran sunansa ba har ya bar duniya. Malam nake ce masa, haka kuma zan kira shi a nan.

Takardar da Malam yake da ita ta koyar da ƙananan yara ce. Burinsa ya samo ta gaba da ita, wadda ake koyar da manyan ɗalibai a sakandare. Wajen ƙarshen yaƙi Allah ya ba shi gurbi a wata babbar makarantar horon malamai a Zariya, gwamnati ta ɗauki nauyinsa, karatun shekara uku. A ƙauyensu ba a taɓa samun wanda ya kai nan ba. Ranar da labari ya zo mahaifinsa ya yanka ɗan akuya, tsofaffi suna ta zuwa suna shafa masa kai kamar ƙaramin yaro. Malam ya mayar da ni gidansu wajen Balan in zauna da iyayensa, ina ɗauke da cikina na fari bayan shekaru ina jira. Kada wani ya ce ban so karatun nan ba. Na so shi. Duk ƙarshen hutu ni nake soya masa ƙuliƙuli, in cika masa kwalba da man shanu, in daka masa garin kunu in ɗaure a tsumma. Mahaifinsa ya tsufa, ni da uwar mijina muke kai wa 'yan aikin gandu abinci, mu yi roro, mu yi sussuka, ban taɓa aika masa da ƙorafi ba. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban taɓa zama na tambaye shi yadda karatun yake ba. Sau ɗaya na ɗaga wani littafinsa mai kauri na ce saura nawa ya sauke, ya yi dariya ya ce ba za ki gane ba, 'yar Fillo. Ni ma na yi dariya, maganar ta wuce.

Mace na haifa. A wajenmu, da Fulani da Hausawan ƙauye duk ɗaya ne, uwa ba ta nuna son 'yar fari. Ba ki kiran sunanta, ba ki yi mata wasa a gaban mutane, in ta yi kuka sai ki ɗauke kai har wani ya ce ke, ba ta nono mana. Haka na yi, har ana yabona. Malam kuwa boko ya cire masa wannan kunyar. In ya zo hutu sai ya ɗora ta a wuya ya zaga da ita har bakin masallaci, yana kiran sunanta da ƙarfi, tsofaffi suna cewa Zariya ta lalata shi. Ina ɗaki ina jin su, ina yi kamar na ji haushi, amma cikina fari ƙal. Gani nake abin da ba ni da ikon yi, shi yana yi mana mu biyu.

A shekararsa ta ƙarshe, shekarar da motoci suka canja hannu a kan titi, ƙyanda ta shigo ƙauyen da bazara. Kwana shida yarinyar ta yi. Ta rasu a kan cinyar kakarta, domin ko a ranar ban iya ɗaukarta a gaban matan da suka cika ɗakin ba. Ina tsaye a bakin ƙofa. Da aka fita da ita kuka ya taso mini, sai wata tsohuwa ta matse mini hannu ta ce kul, 'yar fari ce, kada ki ba mu kunya. Na haɗiye. Washegari na ɗauki taɓarya na yi daka kamar kowace rana, mata suna cewa kai, yarinyar nan akwai dauriya. Ni kuwa abin da ya riƙe ni shi ne Malam zai zo. Na ce a raina shi ba ya jin kunyar kowa, zai shigo ya kira sunanta ya yi kuka, in ya yi ni ma in samu in yi a bayansa.

Takarda ce ta zo a maimakonsa. Hedimastan makarantar ƙauyen, dattijo mai kirki, shi ya karanta a zaure, ni da uwar mijina muna sauraro ta bayan katanga. Malam ya ce saƙo bai same shi ba sai bayan kwana takwas. Ya ce Allah ya sa mai ceto ce, a gaya mini in yi haƙuri. Sauran takardar duk maganar jarrabawa ce, wai saura 'yan makonni, wai ba a ba da izinin fita, da ya gama zai taho. Hedimasta ya ninke ta ya miƙo mini ta kan katanga. Na juya ta gaba da baya, ban ga komai a jiki ba sai ƙananan baƙaƙe kamar sawun tururuwa. A ranar zuciyata ta ƙeƙashe. Bayan kwana biyu na ɗaure kayana, na bi ayarin mata masu zuwa kasuwa, ban sallami kowa ba. Na yi yaji, na koma gidanmu.

Yadda aka saba, in mace ta yi yaji dangin miji ne ke zuwa biko, a ba da haƙuri, a yi mata faɗa kaɗan, a mayar da ita. Ƙanin mahaifin Malam ya zo da goro. Baffa ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka dama masa fura, amma ya ce ya koma da goronsa. Ya ce mutumin da aka binne 'yarsa bai zo ya ga ko ƙasar kabarin ba, ba shi ne zai zauna a birni ya aiko wakili ba, ya zo da ƙafarsa. Bayan mako guda sai ga hedimasta da kansa a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Ya zauna a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidanmu, ina bayan zana ina jin komai. Ya ce wa Baffa a yi wa Allah a ƙara wa yaron nan mako uku, jarrabawar ƙarshe ce, wahalar shekara uku a kanta ta rataya.

Amsar da Baffa ya ba shi ita ce ta kashe mu, kuma wallahi bai faɗe ta da mugunta ba. Baffa ya yi karatun allo a gabas yana saurayi. Ya ce shi ma ɗalibi ne, ba a gaya masa karatu. Ya ce yana tsakiyar Alƙur'ani mahaifinsa ya rasu, ya ajiye allo ya dawo ya yi kiwo shekara huɗu, da ya koma malaminsa bai ce masa komai ba sai ɗauko allonka, suka ci gaba daga ayar da ya tsaya. Ranar saukarsa ma sai da aka ɗaga ta wata biyu don ragon walima bai yi ƙiba ba. Hedimasta ya ce Baffa, wannan ba irin wancan ba ne, wannan rana ɗaya ake sa wa kowa da kowa, in ta wuce ta wuce. Baffa ya dube shi ya ce, to malam, littafin Allah yana jiran mutum, sai na Nasara ne ya fi ƙarfin jira? Wa zai amsa wannan a gaban dattijo? Baffa ya ƙara da cewa in Juma'a ta sama ta wuce bai ga surukinsa ba, zai je gaban alƙali a Gaya a raba auren. Ban sani ba ko da gaske yake. Abin da na sani shi ne na ji daɗi a bayan zanar nan, na ce yau ga wanda ya tsaya mini. Kuma na gaskata Baffa ɗari bisa ɗari, domin ni ma karatun da na sani ke nan: ka ajiye, ka dawo, ka ɗauka.

Ranar Alhamis da la'asar Malam ya iso. Na leƙa ta hudar zana na gan shi, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, da jakar littattafai a kafaɗa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna ya gaida Baffa kansa a ƙasa. Ya fara cewa Baffa, ranar Litinin ne, sai Baffa ya ɗaga hannu ya ce baƙo ba ya magana da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya ci abinci ya huta, gobe ma rana ce. Suruki ba ya musu da suruki. Malam, wanda ke tsayawa gaban aji yana magana da Turanci, ya ce to Baffa.

Da safiyar Juma'a Baffa ya yi masa faɗa mai tsawo, ya saurara bai ɗago ba. Sannan Baffa ya ce shi ya yafe nasa, saura mai ɗakin, in ta yarda ga ta ga shi. Kafin a kira ni Goggo, yayar Baffa wadda ta raine ni bayan rasuwar innata, ta ja ni bayan rumbu. Ta ce ke 'yar nan, ki buɗe kunnenki, mace ba kaza ba ce da za a watsa mata tsaba ta biyo. Ta ce wadda ta koma a roƙon farko ta sayar da kanta da araha, gobe ko ɗanta aka yanka miji ba zai taso ba. Sai ya roƙa sau uku, a kwana uku, haka aka yi wa uwarki, haka aka yi mini. Na ce to Goggo.

Mun haɗu a inuwar bayan garke da hantsi. Ya tsuguna, ya ce 'yar Fillo, ga ni na zo. Na kau da kai. Ya ce ya yi kuskure, takarda ba ta isa ba, in yafe masa. Ya ce gobe Asabar akwai motar da ke ɗaukar buhuna daga Ajingi zuwa Kano, in na ce to yau, Goggo ta raka ni gida, shi ya bi motar, ranar Lahadi yana Zariya, Litinin da safe ya zauna. Ya ce ko izini bai samu ba, fitowa ya yi kawai. Na ce masa Litinin nawa ce a duniya, wannan ce kaɗai Allah ya halitta? Ya gyara tsugunno ya fara yi mini bayani a hankali, wai tambayoyin a rufe suke zuwa daga nesa, a buɗe su sau ɗaya a gaban kowa, wanda ba ya nan babu shi. Ni kuwa ji nake yana yi mini wayon 'yan boko, irin na ba za ki gane ba. Sai na faɗi maganar da har yau take cina. Na ce tun da ya zo bai ko tambayi inda aka binne ta ba, bakinsa Litinin, Litinin. Na ce ya tashi ya bi motarsa, ni kuma in san wadda ya aura tsakanina da takarda.

Ya sunkuyar da kai. Na ga hawaye ya ɗiga a kan yatsan ƙafarsa. Sannan ya kira sunan yarinyar, a hankali, sau ɗaya. Abin da na yi wata biyu ina jira ke nan. Ƙirjina ya buɗe, kalmar to ta zo har bakina. Sai na hango Goggo tsaye a gefen rumbu tana kallona. Na tashi na kakkaɓe zanena na ce zan yi tunani.

Asabar ya sake roƙo, na ce ban gama tunani ba. Bai tafi ba. Ya wuni a ƙarƙashin tsamiya da littafi a buɗe a cinyarsa, na lura bai juya shafi ko ɗaya ba. Lahadi da hantsi ya roƙa na uku, na ce na haƙura. Goggo ta rangaɗa guɗa. Malam ya ce alhamdu lillahi, ya yi wa Baffa godiya, ya ari keke ya kama hanyar Gaya ko ruwa bai tsaya sha ba. Ranar ce aka yi ruwan farko na shekarar, mai ƙarfi. Daga baya na ji cewa a Gaya ya samu wata mota, ta kafe a laka kafin Wudil, suka kwana a hanya suna turi. Bai shiga Zariya ba sai Talata da azahar. Takardu uku sun wuce shi. Ya zauna ya rubuta sauran.

Ni ban san wannan ba. Na koma ɗakina da ƙunshi a ƙafa, ina jin na ƙwato mutuncina. Da ya dawo gida bayan makonni, na tare shi da fara'a, har na tambaye shi yaushe za a yi walimar sauka, in fara tanadin gero. Ya dube ni wani irin kallo, ba na fushi ba, ya ce sai Allah ya yi. Da sakamako ya fito babu sunansa. An ce yana iya komawa baɗi ya rubuta waɗanda suka wuce shi, amma a kan nauyin kansa, kuma aka mayar da shi koyarwa a wata firamaren ƙauye. Na ce a raina to ai ga shi, Baffa ya yi gaskiya, baɗi ma rana ce.

Baɗin ba ta zo mana yadda muka zata ba. Ruwan nan da ya tare shi a hanya kusan shi ne na kirki da aka yi a shekarar. Gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ba ta yi ba. Shekarar da ta biyo ta fi muni. Shanun Baffa suka dinga faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har saniyar da ya ba ni ta aure, wadda na yi niyyar sayarwa in ba Malam ya koma. Mahaifin Malam ya rasu a cikin yunwar nan, gidan gaba ɗaya ya dawo wuyansa, da uwa da ƙanne da matan 'yan'uwa da suka tafi cin rani ba su dawo ba. Lokacin rajista ya zo ya wuce yana neman dawar da za a kwana da ita. Da abubuwa suka lafa ya fito da littattafan ya shanya su a rana, ya yi kamar wata guda yana dubawa bayan la'asar. Wata rana na ga ya mayar da su akwati. Na tambaye shi, ya ce an canja littattafan da ake tambaya a kansu, kuma kansa ba ya riƙewa kamar da.

Ban gane girman abin da na yi ba sai bayan shekara biyar ko shida. Wani mai duba makarantu ya zo ƙauyen da mota, ashe tare suka yi Zariya. Malam ya kawo shi gida cin abinci. Ina madafa, zaure kuwa ba nisa. Na ji baƙon yana dariya yana cewa shi fa har yau yana mamaki, wai kai da kake koya mana lissafi a ɗakin kwana, kai da malamai ke cewa za ka wuce jami'a kai tsaye, ga ni yau ni nake duba rajistarka. Ya ce don Allah me ya same ka a waccan Litinin ɗin? Kujerarka babu kowa, muna ta waiwaye. Na tsaya da muciya a hannu. Sai na ji Malam ya ce zazzaɓi ne ya kayar da shi a ƙauye. Baƙon ya ce kai, Allah ya kyauta, zazzaɓin kwana biyu ya cinye shekara uku. Malam ya ce haka Allah ya so, ci abinci. Tuwon ranar ya ƙone a hannuna. Na zauna a ƙasa a madafa na toshe bakina da zane.

Daga ranar na jira ya yi mini gori. In mun yi saɓani a kan wani abu sai in ce yau zai faɗa. Bai taɓa faɗa ba, ko da wasa. Da ya zage ni sau ɗaya da na samu sauƙi. Ni ma ban taɓa buɗe baki na ce Malam ka yafe mini ba. Sau da yawa na shirya maganar, in na kawo masa ruwan alwala sai in tsaya, ya ɗago ya ce lafiya, 'yar Fillo? In ce lafiya lau. Haka ya ƙare aikinsa a firamaren ƙauye, daga wannan zuwa waccan, a kan keke, yaran da ya koya wa baƙi suna wuce shi a mota suna ɗaga masa hannu. Allah ya ba mu wasu 'ya'ya, uku suka rayu. Namijin cikinsu shi Malam ya sa a gaba, har ya kai shi jami'a.

Ina roƙon matan da mazajensu ko 'ya'yansu ke karatu mai zurfi, ku zauna ku tambaye su yadda abin yake, ko da za su yi muku dariya. Ku san ranakun da ba a ɗagawa. Soya ƙuliƙuli da haɗa guzuri ba shi ne kaɗai taimako ba, ni na yi duk wannan, kuma ni ce na tare hanyar a kwana ukun ƙarshe. In ranku ya ɓaci, ɓacin ran zai iya jira, yana nan ba ya zuwa ko'ina. Iyaye kuma, in ana maganar abin da ba ku sani ba, kada ku auna shi da abin da kuka sani. Baffa mutumin kirki ne, ya rasu bai san abin da ya yi ba, ni kuma ban gaya masa ba. Ku ma masu karatun da laifinku. Wadda ta iya riƙe muku gida shekara uku za ta iya gane bayanin jarrabawa in kun yi mata shi tun da wuri, ba sai ranar da zuciyarta ta riga ta rufe ba. Kuma don Allah in mace ta rasa ɗa, ko na fari ne, ku bar ta ta yi kukanta a ranar. Nawa da aka hana ni bai ɓace ba, wani wuri ya je ya fito.

Ciwon ajalin Malam ya same shi ɗanmu yana shekararsa ta ƙarshe a jami'a, ana cikin jarrabawa. Da jikin ya yi tsanani ƙannen Malam suka taru suka ce a tashi mutum ya je ya taho da yaron. Har an samu wanda zai je. Ni ce na tsaya a bakin zaure na ce ba inda za a je. Suka ce na yi hauka, wata ta ce dama Fulani ba su da tausayi. Ban gaya musu dalili ba. Yaron ya dawo bayan kwana tara da murnarsa, ya tarar da tabarmin zaman makoki. Ya ci jarrabawarsa, yau babban mutum ne, ba abin da ya rage ni da shi. Bai taɓa yi mini maganar ba. Amma in ya zo gaishe ni ba ya kwana a gidan, kuma ban taɓa tambayarsa me ya sa ba.

Abin da dangi ba su sani ba shi ne, da safiyar ranar, kafin su taru, na shiga na samu Malam idonsa biyu. Na zauna kusa da kansa, na ce yau kam sai na faɗa. Na ce Malam, akwai maganar da na daɗe ina so in roƙe ka. Ban sani ba ko ya ji ni, ban kuma sani ba ko abin da ya faɗa yafiya ce ko kuwa shi ne gorin da ya riƙe shekara da shekaru. Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce:

"'Yar Fillo, kada ki bari a aika wa yaron nan. Ko an fita da ni, a bar shi ya gama."